Gayyar Na'ura a Ƙofar Dumi

Zan iya manta ranar da aka miƙa mini takardar digirina na biyu, amma Asabar ɗin da gwaggona ta kira mini gayya a Ƙofar Dumi, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, kunya kuma ta biyo bayanta.

Lokacin ina karatu a jami'a can Gubi, ina bincike kan maganin zazzaɓin cizon sauro. Aikin shi ne a ɗauki dubban sinadaran da ke cikin itatuwanmu, a gwada kowanne a kwamfuta, a ga wanda zai iya kama ƙwayar cutar. Kwamfutata kuwa tsohuwa ce tukuf, da ta fara lissafi sai ta yi ta huci, na ga alama zan yi furfura ba ta gama ba. Malamin da ke duba aikina ya nema mini gurbi a wata babbar kwamfuta a ƙasar waje, irin wadda ke cika ɗaki guda, ta cinye aikin shekara a yini. Aka ce mu shiga layi, sai baɗi. Ni kuma wa'adin karatuna da faɗuwar damina zai ƙare. In ban kawo sakamako ba, kora ce, duk wahalar da na sha ta tashi a banza.

Malam ya ce saura dabara ɗaya. Masana sukan yanka babban aiki ƙanana-ƙanana, su raba wa masu sa kai, kowa ya bar kwamfutarsa ta yi nata kason lokacin da ba ya amfani da ita. Ya ce in nemo mutane. Ni da ko ƙawaye ban tara ba saboda zafin kai, ina zan samo su?

Na koma gida rai a ɓace. Gwaggo, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama da sana'arta ta masa, ta ga na ture abinci. Na yi ta yi mata bayani ba ta gane ba, har na gaji na ce, "Gwaggo, kamar gayya ce. A raba gona kunya-kunya, kowa ya kama tasa."

"Gayya?" Ta ajiye ludayi. "Ke 'yar nan, gayya ce ta hana ki cin abinci? Da me za su zo?"

Don kada ta ce ina mata turanci, sai na ce, "Na'ura. Duk mai na'ura."

"Shi ke nan, bar mini."

Wallahi na ɗauka addu'a za ta yi mini. Ashe goro ta saya, ta bi gari gida-gida, shago-shago, tana raba shi.

Ranar Asabar da hantsi na dawo daga makaranta, mai keke ya ce in sauka a bakin titi, lungunmu ba ya shiguwa. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ina shiga sai na ga telolin kasuwar Wunti a jere a ƙofar gidanmu, kowa da keken ɗinkinsa. Ga mai markaɗe ya turo injinsa a baro. Ga mai aski da na'urarsa, ga mai gyaran agogo, ga wani dattijo rungume da tafireta da ya ce tun zamanin yana akawu yake ajiye da ita. Har makaɗi Gwaggo ta kira, wai ba a gayya shiru. Ƙamshin masa da miyar taushe ya cika unguwa.

Mutum ɗaya ne ya zo da kwamfuta, wani ɗan kudu mai shagon buga takardu. Ya ce mini, "Ni ya sani ba keke kana so ba. Amma Hajiya ya ce akwai masa, shi ya sa ni bai yi magana ba."

Na ja Gwaggo cikin ɗaki, hawaye na zuba. "Kin kashe ni! Kin mai da ni abin dariya a gari!" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba na'ura kika ce ba? Goge fuskarki, ga malaminki can yana sallama." Shi ma ashe an kai masa goro. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya tsaya yana kallon taron, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Aka ba shi tabarma da masa. Shugaban telolin ya tambaye shi wai wace irin na'ura ce ta turawa da ta fi tasu duka. Malam ya ce aiki iri biyu ne. Akwai aiki irin haƙa rijiya, ko mutum ɗari ka tara ba za su shiga rami ɗaya ba, kowane sara yana jiran na gabansa. Hasashen yanayi haka yake, sai babbar kwamfuta, don sassanta a haɗe suke, suna magana da juna nan take. Akwai kuma aiki irin noma, wanda kowace kunya ba ruwanta da 'yar'uwarta. Nawa irin wannan ne, ƙananan kwamfutoci in sun yi yawa za su iya. Ya ƙare da cewa, "Sai dai ku yi haƙuri, keken ɗinki ba ya lissafi."

Mutane suka fara suɗe hannu suna shirin tafiya. Nan Gwaggo ta tsaya a bakin zaure, ta riƙe ƙugu. "Ina za ku? A garin wa aka taɓa cin abincin gayya a tafi ba a yi aiki ba? Wanda ba shi da irin na'urar, ya san mai ita."

Tela kuwa ya san kowa, kuma kowa yana da yadi a hannunsa. Tun daga ranar, ma'aikaci ko ɗalibi in ya je karɓar ɗinki, sai a ce masa, "Rigarka tana nan, saura maɓalli. Af, kana da kwamfuta?" Wata amarya sai da ta kawo ta angonta kafin kayanta su fito. Na zauna a shagon ɗan kudun nan ina sa musu manhajar lissafin a kwamfutocinsu, kowa ya tafi da kasonsa.

Kada in yi ƙarya, na sha wuya. A ɗauke wuta, rabin ma'aikatana su kwanta. Wani ya kashe aikin don kallon ƙwallo. Wata kwamfutar ta dawo da shirme, dole na riƙa ba mutum biyu kaso ɗaya don in gane mai gaskiya. Abin da babbar kwamfuta za ta gama kafin la'asar, mu sai da muka kwashe makonni. Amma hadarin farko na haɗuwa, sakamakon ƙarshe ya shigo. Na miƙa aikina, na tsallake. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ina cikin hura hanci, kowa na ce mini malama, sai ga goro daga shugaban teloli. Yana da gona a hanyar Gubi, ciyawa ta ci ƙarfinsa, ya kira gayya. Na ce wa Gwaggo ni fa yanzu mai digiri biyu ce. Sai kawai ta miƙo mini fartanya. Na yini a duƙe, hannuna ya yi kanta, telolin na tsokanata wai in ta ƙi ci in kira babbar kwamfuta ta zo ta nome mini kunyata.

A gonar nan na koyi abin da ba a koya mini a aji ba. Babbar na'ura ta fi sauri, ba na musu, kuma akwai aikin da sai ita. Amma ba ta san ni ba, ba za ta taɓa nemana ba. Mutanen da suka tsaya mini kuwa, tun daga ranar na zama tasu, in sun kira dole in amsa. Har gobe in goronsu ya iso, ajiye komai nake in tafi.