Baba Alƙasim, Mai Fentin Da Ya Riƙe Mini Ɗa

Direbobin hanyar Buza da Kaita, ina yi muku gargaɗi tun da wuri. Kafin albasar bana ta gama fita daga fadama, Baba Alƙasim mai fentin mota zai rufe rumfarsa da ke bakin hanyar Buza, a nan Madawa. Ciwon ƙirji ya hana shi aiki. Daga ranar da ya rufe, duk wanda ya ga tsohuwar mota tana ƙyalli a tasha, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya sa iyalinsa a ciki, domin mutumin da bai taɓa yarda a binne tsatsa da fenti ba ya koma gida.

Sunana Mahamud. Na yi tuƙi har idona ya fara gajiya, karatuna kuma bai yi nisa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗana Yasin. Tun da aka gama girbin hatsi ya ɗaure jakarsa zai tafi haƙar zinariya can arewa, bayan Agadas. Can wansa ya tafi shekarun baya, yanzu muryarsa kaɗai muke ji a waya, wani lokaci ita ma ta ɗauke wata da watanni. Ba na son in ba hanyar nan ɗa na biyu. Har yau da nake wannan rubutu Yasin yana gida, kuma bayan Allah, Baba Alƙasim ne ya riƙe shi.

Wanda bai san shi ba, ga yadda safiyarsa take. In ya fito sallar asuba ba ya komawa gida. Da ya isa rumfa, abin da yake fara dubawa wani tsumma ne da ya ɗaure a reshen dogon yaro. In tsumman yana kaɗawa, ranar babu feshi, ko da mai mota zai yi birgima a ƙasa. In ya tsaya cik, sai ya ɗebo ruwa ya yayyafe ƙasan rumfar, don kada ƙura ta tashi ta zauna a kan ɗanyen fenti. Sannan ya zagaya motar da ke gabansa yana shafa ta da tafin hannu, kamar mai tayin sa a kasuwa. Yana da wani mayen ƙarfe ɗaure da zare a aljihu. Inda ya manne, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, to wani ya cike wurin da mastik, wannan ƙullun da ake liƙe lotsawa da shi. Da hantsi ana kawo masa nono, ya shanye ƙwarya guda, yana cewa shi ke wanke ƙirji daga warin fenti.

Jima, direban Allakaye, taubashinsa ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. A gaban Baba Alƙasim ya ba ni labarin wani dillali da ya kawo mota wadda ta taɓa faɗuwa a gangaren dutse, yana so a shafe ta da sauri ya sayar wa wani mutumin ƙauye. Mayen ƙarfen ya ƙi mannewa ko'ina a gefen hagu. Dillalin ya ƙara kuɗi, ya sake ƙarawa.

"Sai yac ce mishi, mai da ta inda kaɗ ɗauko ta, ni ban yi ma gawa kwalliya," inji Jima. "Wanga taurin kai shi as sa har yau bai da ko babur. Sai keke, shi ma ba fenti."

"Keken bai taɓa kwana da ni daji ba," inji Baba Alƙasim, bai ko ɗago kai ba. "Taka hwa?"

Mutanen wani ƙauye na ƙasar Tama kuma har yau suna maganar tsohuwar motar da suka haɗa hannu suka saya don kai mata masu naƙuda asibiti. Baba Alƙasim ne ya gyara mata jiki, ya fesa mata fari don a hango ta daga nesa a ba ta hanya, ya karɓi kuɗin kayan aiki kawai. Shi bai taɓa faɗa mini ba. A bakinsu na ji.

Tawa motar bashe ce, mai buɗaɗɗen baya, ta girmi Yasin. Ta yi dakon albasa, ta yi na takin zamani da kanwa, kuma duk direba ya san waɗannan biyun suna cin ƙarfe kamar gara. Dabarar da na yi ita ce in bar wa Yasin ita ya riƙa ɗauko albasa daga Tama, ko ya samu abin da zai zaunar da shi. Da na faɗa masa sai ya yi dariya.

"Baba, wagga ko akuya na jin kunyar shigarta."

Na ce za a yi mata sabon fenti. Uwarsa Raihanatu ta sayar da awakinta, ni na sayar da ragon da na turke. A zatona aikin mako guda ne, Yasin ya ga mota tana walƙiya, zuciyarsa ta kwanta.

Da na kai ta rumfa na tambayi kuɗin aiki. Baba Alƙasim ya zagaya ta, mayen ƙarfen yana ta faɗuwa.

"Mamudu, ban hwaɗin kuɗɗin abin da ban gani ba. Ƙarƙashin fentin ga akwai wata mota, ita za mu gani tukuna. Wa za shi tuƙa ta?"

"Ɗana."

"To shi zo gobe da sahe da tsohuwar riga. Nan wurin, mai mota shi ka goge motatai."

Wannan ita ce ƙa'idarsa, kowa ya sani, kuma ita ta kore masa masu kuɗi da yawa. Mutane suna zaton fenti ne ke cinye kuɗi. Gaskiya ne gwangwaninsa yana da tsada, ga ruwan sirka shi, ga mastik, ga jan fentin da ke hana tsatsa, ga takardar goga mai kaushi da mai laushi, ga man inji ranar da babu wuta. Amma feshin kansa aikin safiya ɗaya ne ko biyu. Abin da ke cin lokaci da ƙarfi shi ne kankare tsohon fenti har a tarar da ƙarfe, a buge lotsawa, a wanke maiƙo, a goge, a sake gogewa. Shi ya sa yake cewa mai mota ya zo ya yi da hannunsa. Kuɗin aiki zai ragu, kuma zai san abin da yake zaune a kai.

Yasin ya je ne don kada ya saɓa mini. Kwanakin farko yakan dawo hannu duk kanta, kai fari fat da garin mastik. Ni kuwa na kasa zama gida. Kullum sai in sami dalilin bi ta hanyar Buza, in zauna kan wata tsohuwar taya ina kallo.

"Baba Alƙasim, ni direba ne, ba mai wankin tukunya ba," na ji Yasin ya ce wata rana.

"To, direba. In ka ƙare wagga ƙohwa ka kira ni."

Ina wurin ranar da abokan Yasin suka tashi. Sun biyo ta rumfar da jakunkunansu, suka ce motar arewa tana tasha, sun riƙe masa wuri. Yasin ya ajiye takardar goga ya miƙe. Duk abin da uba zai faɗa na riga na faɗa a gida. Baba Alƙasim bai yi masa wa'azi ba, bai ambaci uwa ko uba ba. Ya dai nuna ƙofar da Yasin ya kankare tun safe, ƙarfenta yana ƙyalli tsirara.

"Ka tuɓe ta, ɗana. In raɓa ta kwana kanta, gobe tsatsa ta koma, wahalakka ta tashi banza. Ruhe ta da jan fenti, sannan ka tahi inda kaka so."

Yasin ya dubi ƙofar, ya dubi abokansa. Ya ce su tafi, zai biyo motar mako mai zuwa. Ya ɗauki buroshi. Da mako ya zagayo, murfin inji ne a tsirara. Wanda ya biyo baya, gefen akwatin kaya ne. Na lura ba a taɓa zuwa ranar tashin motar arewa ba tare da an sami wani ƙarfe buɗe da ba za a iya bari ba. Na keɓe Baba Alƙasim na tambaye shi ko da gangan yake yi.

"Ni aikina fenti, Mamudu," ya ce, ya ci gaba da dama mastik.

Yasin ne da kansa ya gano abin da ke ƙarƙashin kujerar direba. Ya cire ta don ya goge ƙasa, ya danna da ƙarfe, ƙarfen ya wuce har ya ga ƙasar rumfa ta cikin ramin. Da suka shiga ƙarƙashi suka tarar tsatsa ta ci shasi, ƙashin bayan motar, daidai inda yake riƙe da ƙafar baya. Wani mai fenti da na taɓa kai wa ita ya shafe wurin da baƙi, ya yi kyau a ido. Da lodin albasa a gangaren Kaita, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Ranar Yasin ya dawo gida ya zauna kusa da uwarsa, na ji yana ce mata, "Inna, kan rami Baba ke zaune yana nemo muna abinci."

Aiki ya koma na walda, abin da muka tanada kuma bai kai ba. Ina ta tunanin abin da zan ƙara sayarwa, sai Raihanatu ta ce mini ta ga Yasin ya buɗe jakarsa ya ciro kuɗin motar arewa da ya daɗe yana tarawa. Mai walda ya kai wa. Bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaye shi ba.

A lokacin ne tarin Baba Alƙasim ya tsananta. Da ma yana yi, muna cewa sanyi ne. Matarsa Habsa ta matsa har ya je asibiti, likita ya ce hayaƙin fenti na shekara da shekaru ya taru a huhunsa, kada ya ƙara tsayawa kusa da feshi. Mota ta gama shiri, an liƙe gilasai da takarda, saura fentin ƙarshe. Na ce ko mu kira wani.

"Wanda yag goge shi ka hesawa," ya ce.

Safiyar da tsumma ya tsaya cik, aka shimfiɗa masa tabarma can nesa da rumfa. Ya miƙa wa Yasin wani sabon abin rufe hanci da baki mai kyau, wanda ya aika aka sayo, irin wanda shi bai taɓa sa wa kansa ba.

"Sa wanga. Kak ka yarda da nono, ni ya ruɗe ni."

Daga kan tabarmar yake magana, yana yi yana tari. Ja baya kaɗan. Kak ka tsaya wuri guda. Hannu ka tahiya, ba wuyan hannu ba. Motar ta fito shuɗiya, irin shuɗin da Raihanatu ta zaɓa tunda awakinta ne a ciki. A ƙofar direba fenti ya ɗan zubo ya yi layi kamar hawaye. Na ce a bar shi, ba mai gani.

"Ni ina gani," inji Yasin. "In ya bushe sai in goge in sake."

Jima ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, an sake lalata wani. Wanga ma keke za shi ƙare da shi."

Baba Alƙasim, mijin Habsa, maƙiyin tsatsa. Kai ne ka yarda masu kuɗi su juya da motocinsu a kan ka yi ƙarya da fenti. Kai ne ka shaƙi abin da muka ƙi shaƙa don mu shiga tasha da mutunci, muka biya ka muka tafi, ba mu taɓa tambayar yadda kake kwana ba. Na yi wa ɗana magana har muryata ta dushe bai ji ba, kai kuwa ka miƙa masa takardar goga. Ban san yadda ake biyan wannan ba. Na gode. Uwarsa ta ce in gaya maka ta gode. Allah ya sassauta maka ƙirji, ya sa abin da ka rufe wa mutane na asiri ya tarar da kai ranar da kake bukata.

Ku kuma masu fenti da ke tasowa a Madawa da Buza da Kaita, ku je ku zauna kusa da tabarmarsa tun yana iya magana. Ku ɗaura tsumma a reshe, ku sa mayen ƙarfe a aljihu, ku rufe hancinku. Masu mota, kada ku tsaya tambayar kuɗin gwangwani kawai. Ku tambayi abin da za a yi kafin a buɗe shi, in da hali ku tuɓe babbar riga ku kama.

Yasin ya fara zuwa Tama, manoma suna ba shi lodi. Da yamma yakan biya ta rumfa ya gaida Baba Alƙasim kafin ya iso gida. Amma jakar nan tana nan a ɗaure a ƙarƙashin gadonsa, uwarsa tana ganinta in ta shiga shara. In albasa ta ƙare zai sake samun kuɗi a hannu, kuma yanzu yana da motar da za ta iya kai shi Agadas ba tare da ta tsaya ba. Ko zai kwance jakar, ban sani ba.