Sulen Laoban ya zama zobe

Jiya a unguwar Tianhe, Laoban, dattijon nan Basine da nake sarin wayoyi a shagonsa, ya riƙe hannuna yana yaba zobena. Sai ya ce, "Ina sulen da na ba ka?"



Bara ya miƙo mini wani sulen azurfa da hannu bibbiyu, ɗauke da fuskar wani Bature mai tsara kiɗa na zamanin da. Da na koma Kano na bar shi wurin Baba. Shi kuwa da ya ga hoton mutum, ga azurfa mai kyau tana zaman banza, sai ya kai wa maƙeri ya narka, aka yi mini zobe. Har da sa albarka.

Na ce, "Shi ne wannan, Laoban. Babana ya sa aka narka."

Ya ce, "Marigayiya matata malamar piyano ce, ita ta tara irin waɗannan sulalla. Kiɗan mutumin da ke jikin sulen take kaɗawa kullum da safe. Ta so ganin Afirka, ba ta samu ba. Shi ya sa na ba ka."

Ya murza zoben a yatsana, ya ce, "To, ai sulen ya je."

Ko sunan Baturen ban taɓa tambaya ba, yanzu kuma fuskar ma babu.

Jama'a, da ku ne, za ku ci gaba da sa zoben, ko ku cire ku ba Laoban?