Jijiyar da ba ta jini

A shekararmu ta biyu a Sanyuwanli, lokacin maigidana yana sarin yadi yana turawa Kano, 'yata ta shiga wani wasa a makarantarsu. Ana jefo ƙwallo, ta make shi da sanda, sai ta ruga a guje. Ban taɓa gane wa ke bin wa ba. Malamar wasan ce ta koya mata ta kafe ƙafa a ƙasa, ta murɗa ƙugu da ƙarfi. Da muciyata take gwadawa a tsakar ɗaki, ni kuwa ina ta jin tsoron kada ta fasa fitila.

Wata la'asar aka kawo min ita a tasi, gwiwa ta yi suntum. Ta ce tana murɗawa ta ji ƙas, ƙafar ta ƙi ɗaukarta.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashi ya ce da yarensu, "Meyo." Wannan kalmar na san ta a kanti, babu kenan. Babu karaya. Har na fara hamdala, sai ya lanƙwasa ƙafar ya ja, ya ci gaba da magana. Wata ɗaliba 'yar Nijar da ta raka mu ta juyo.

"Hajiya, ya ce jijiya ce ta tsinke."

Na ce, "To ina jinin?"

"Ba ta jini ba ce."

"Irin wadda ke shanye ƙafa?"

"Ba ita ba ce kuma."

"Ikon Allah. Jijiyar nawa ce a jikin mutum?"

"Su nan kowace da sunanta, Hajiya. Mu ne muka tara su a suna ɗaya."

Wai aiki za a yi, a ɗaura wata a madadinta. Wai ma 'yan mata sun fi maza samun wannan ciwon. Na tambayi dalili, aka yi min bayani, ban kama ba. Da ƙashi ne, na san mai ɗori a unguwarmu. Amma ina zan kai abin da hoto bai nuna ba? Babanta ya ce mu kai ta gida kawai.

'Yata tana kwance ta riƙo mayafina. "Umma, in an bar shi zan yi tafiya fa. Gudu ne ba zan ƙara yi ba."

Wannan kaɗai na fahimta a ranar. Na je na lallaɓa babanta, aka yi aikin. Sai da damina ta zagayo kafin na hango ta daga taga, ta makara, tana bin motar makaranta a guje.