Damin Iya Tabawa

A kakar shekarar da na shiga aji huɗu, duk faɗin Indabo ba yaron da ya kai ni ɗaukar dami, ba kuma gidan da ya kai namu kyauta. Ranar da aka ɗaure dawar gonarmu ta fadama, Baba ya ɗora mini damin fari a ka, na taho ina taku kamar ingarma, wuyana na ƙara amma bakina na yin fito. Na bi ta ƙofar masallaci, na zaga ta rijiya, duk don a gan ni, alhali gidan Iya Tabawa bai fi jifa ɗaya daga namu ba.

Iya Tabawa tsohuwa ce, kakar abokina Sale, wanda muke harbin ƙadangaru da satar rake tare. Kowace kaka damin fari nata ne, tun kafin a zuba ko zangarniya ɗaya a rumbunmu. Abin da ke ci mini rai, ba ta taɓa godiya ba. Tana zaune tana kaɗi, ko ɗago kai ba ta yi, sai dai ta ce, "Jingine shi can." Ni da na sa ran ko ƙuli-ƙuli!

Da na koma na kai ƙara wurin kakata, tana tsince wake a faifai. Sai ta ba ni labari. Kafin basasar Kano, in ji ta, wa da ƙane ne a gidan nan suka sami sabuwar ƙasa a bakin kogi. Wan ya ce a kwaso bayin da ke rinji, ƙauyen bayinsu, su sare ta. Ƙanen ya ce abin da ke tsohuwar gona ya isa nauyi a gaban Allah, bawa ba zai taka sabuwa ba. Gari ya rabu biyu, aka daina bin juna salla, aka hana auren da aka riga aka sa wa rana, har yaƙi ya zo ya tarar da su ba sa ga-maciji. Uwar Iya Tabawa tana cikin bayin da aka koro su sare fadamar, da goyo a bayanta.

Na gyara zama, na ce, "To mu jikokin ƙanen ne ko?" Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce, "Gonar a hannun wa take?" Daga ranar tuwon dawar nan ya daina yi mini daɗi, ko da yake, kada na yi ƙarya, ban taɓa rage loma ba.

Yanzu gonar tana hannuna. Iya Tabawa ta rasu, damin ya bi ta, ba wanda ya ce a daina, ba kuma wanda ya ce a ci gaba. Kwanan baya na haɗu da Sale a Wudil wajen masu suyar kifi, na ja shi cikin mutane ina ba su labarin yadda nake kai wa kakarsa damin da jaki ma sai ya durƙusa. Ya bari aka gama dariya, ya cire ƙaya daga bakinsa.

"Dami ɗaya ka ɗauka, Alhaji, har yau kana nishi," in ji shi. "Ka taɓa tambayar wa ya ɗauko sauran?"