Ƙafafun Baffa

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai saboda kyamarar tana buga shi da kanta a ƙasan hoton, ta hannun dama, kuma na kalli wurin har na haddace. Ranar sunan autarmu ce. Ina da shekara goma sha biyu, ina tsaye a zauren gidanmu na Daura, Baffa ya ɗora mini kyamararsa a kafaɗa.

Baffa ba ɗan'uwan mahaifinmu ba ne na jini. Abokinsa ne tun suna firamare, yana zaune a Sandamu, yana fataucin shanu. Daga aikin Hajji ya dawo da kyamarar, irin mai cin babban kaset ɗin nan, nauyinta kamar jariri mai wata shida. Tun daga lokacin babu suna, babu saukar Alƙur'ani, babu walimar da aka yi a gidanmu bai ɗauka ba. Yakan shiga har tsakar gida, ya tsaya a kan masu tuƙin tuwo yana tsokanarsu, su kuma su rufe fuska da bakin mayafi suna dariya.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, dattawan unguwa suka ce bai dace namiji ya riƙa kutsawa cikin mata da kyamara ba. Baffa bai yi gardama ba. Ya ce gaskiya ne, amma kuma ba za a yi sunan auta babu hoto ba. Sai ya aika aka kira ni.

Akawu yake kirana, saboda ni ke rubuta wa kowane kaset suna a jikinsa, in sa masa lamba, sannan in shigar da shi a wani ƙaramin littafi mai jan bango. Ban cika magana ba. In baƙi suka zo, nakan gaishe su a durƙushe, in koma ɗaki wajen littattafaina.

"Akawu, yau ke ce ma'aikaciyar talabijin," in ji shi. "Sa ido ɗaya a nan, ki rufe ɗayan. In kin ga jan ɗigo, to tana ci. Gwada a kaina tukuna."

Na danna. Na ɗauke shi na minti uku, sannan ya tura ni cikin gida wajen mata. Da yamma kafin magariba na rubuta a jikin kaset ɗin da biro: lamba goma sha ɗaya, sunan auta, farkonsa Baffa a zaure. Washegari da aka taru za a kalla, na ɓuya a ɗaki don kunyar a ga aikina. Daga nan ban taɓa saka shi ba.

Shekara biyar bayan haka Baffa ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ina ajin ƙarshe na sakandare lokacin, ina shirin jarrabawa.

Bayan mutane sun ɗan janye, na raka Inna Sandamu mu sake duba matarsa, wadda muke kira Gwaggo. Tana takaba, zaune a kan tabarma cikin tufafi marasa ado, ba tozali ba lalle. Ta ciro wani ɗan hoto daga ƙarƙashin matashi ta miƙa wa Inna. Hoton fasfo ne na tafiyarsa Hajji.

"Dubi nan, don Allah," ta ce. "Ya haɗe rai kamar an kore masa garke. Shi ke nan abin da Malam ya bar mini. Shekara da shekaru yana ɗaukar mutane, shi bai taɓa yarda a ɗauke shi ba. Ni dariyarsa nake son gani. Jiya na rufe ido in tuno ta, sai wannan fuskar ta fasfo ke zuwa mini."

Inna ta miƙa mata abinta. Gwaggo ta juya hoton a hannunta.

"Ashe duk cikin kaset ɗinku babu inda ya fito?"

Ban taɓa sa baki a maganar manya ba sai ranar. "Akwai, Gwaggo," na ce. "Lamba goma sha ɗaya. Minti uku."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Kin tabbata, 'yata?"

"Ni na rubuta."

"To in ke kika rubuta, akwai. Ki kawo mini ran Asabar."

Washegari da na dawo daga makaranta aka yi sa'a akwai wuta. Na share ƙurar na'urar bidiyo, na saka lamba goma sha ɗaya, na mayar da shi farko. Lambobin suka fito a ƙasa, huɗu da ashirin. Sai ga daɓen zaurenmu. Sai ga ƙafafu biyu cikin takalmin fata.

Na jira hoton ya ɗago. Muryar Baffa tana cewa, "Kina ganina? Ɗago, Akawu. Fuskar tana sama." Hoton ya yi rawa, ya hau zuwa bakin rigarsa, ya kai ga hannunsa mai riƙe da carbi, ya ɗan tsaya a nan, sai ya sake faɗowa ƙasa. Ana jin dariyarsa, ana jin Baba daga gefe yana cewa a ƙyale yarinya. Ƙafafun suka yi taku biyu baya, suka dawo, ya ɗaga ta hagu ya sosa ta dama. Huɗu da ashirin da uku, hoton ya yanke, sai ga tukwane a tsakar gida.

Tun ina ƙarama aka koya mini ba a ƙura wa babba ido. Ashe ko ta cikin gilashin kyamara ban iya ba. A ranar sunan ina ganin na ɗauki Baffa, domin haka nake ganinsa kullum in na durƙusa gaishe shi.

Na zauna ina kallon tukwanen ba tare da na gan su ba. Sannan na ɗauko jan littafina. Kaset goma sha tara ne gaba ɗaya. Na ce ba zai yiwu a rasa shi a cikin sauran goma sha takwas ba, ko da wucewa ce ya yi.

Kwana huɗu na yi ina wannan aiki, tsakanin la'asar da magariba, duk lokacin da aka kawo wuta. Ranar farko ni kaɗai ce. Rana ta biyu Inna ta shigo da farantin wake tana tsincewa, ta zauna a bakin ƙofa. Da aka nuno ta a wata walima, siririya, da ɗaurin ɗankwalin da aka daina yayi, ta ce, "Kai, kashe wannan!" amma ba ta tashi ba. Muryar Baffa ta fito daga bayan hoton: "Uwargida, gishirin nan fa yau kin yi kyauta da shi." Inna ta cikin talabijin ta ɗaga muciya kamar za ta jefe shi. Inna ta bakin ƙofa ta sa bayan hannu ta share ido, ta ce ƙurar wake ce.

Rana ta uku Baba ya shigo da jarida, ya ce haske ya fi a nan. Bai juya shafi ko ɗaya ba. A lamba shida akwai ranar Babbar Sallah, Baba yana kokawa da rago a ƙofar gida, ragon ya ja shi har ya durƙusa. Hoton duka yana girgiza saboda mai ɗauka ya kasa riƙe dariya. "Malamin makaranta! Ai ba ɗalibi ba ne, ba ya jin tsawa. Kama ƙafar baya!" Baba ya yi dariya har da tari. Can ya naɗe jaridar, ya ce bari ya duba ko an rufe ƙofar waje, bai dawo ba sai bayan sallah.

Ko'ina Baffa yana nan. Shi ke cewa a matso, shi ke cewa yara su daina leƙen gilashi, shi ke kiran kakanninmu da suka riga shi tafiya yana sa su ɗaga hannu. Amma ganinsa, abin da na samu na rubuta shi duka a rabin shafi. Lamba uku, minti na sha huɗu, inuwarsa a bango da kyamara a kafaɗa. Lamba takwas, ya gifta a madubin kabad ɗin Inna, kyamarar ta rufe masa fuska. Lamba sha biyar, hannunsa ya shigo ya gyara wa wani tsoho hula. Daga nan babu.

Ran Juma'a na samu Inna a madafa. Na ce ko in gaya wa Gwaggo na'urar ta cinye zaren kaset ɗin, tunda takan yi hakan.

"Ta cinye?" in ji Inna, ba ta ɗago daga tukunya ba.

"A'a."

"To. Ke kika ce mata akwai. Ki kai mata abin da yake akwai."

"Inna, ƙafafu ne kawai."

"Nasa ne ko na wani?"

Abin da ya fi damuna shi ne, sau ɗaya tak a rayuwarsa Baffa ya tsaya a gaban kyamara yana dariya, ya ce a ɗauke shi, kuma a hannuna abin ya faɗo.

Ran Asabar da hantsi Baba ya kai mu Sandamu a motarsa. Na rungume na'urar a cinya, naɗe cikin zanen Inna, kaset ɗin a cikin jakar makarantata. Baba ya tsaya a zaure wajen 'yan'uwan mamacin. Gwaggo ta riga ta sa an goge talabijin ɗinta, an jawo ta tsakiyar ɗaki, an ari ƙaramin janareto a maƙwabta saboda kada wuta ta ba mu kunya. Ta dama mana fura. Ganin wannan shiri ya sa har sau biyu ina saka waya a ramin da ba nata ba.

Da na gama haɗawa, na durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, kafin in kunna. Babu fuskarsa a ciki."

"Ba ke kika ce ya fito ba?"

"Ya fito. Ni na ɗauka. Ya ce in ɗago, ban iya ba. Na duba sauran duka, babu."

Ta dube ni, ta dubi Inna. Sannan ta gyara mayafinta.

"Kunna."

Daɓen zaure ya fito, ƙafafun suka fito. Ni dai kaina yana ƙasa, ina jin muryarsa tana cewa fuskar tana sama. Sai na ji motsin tabarma. Gwaggo ce ta ja jiki har gaban talabijin, kusa yadda ake hana yara zama.

"La ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Takalmin nan. Sau uku ina ɓoye shi don ya sayi sabo, yana tono shi ya kai wa baduku."

Ta ɗora yatsa a kan gilashin, daidai idon ƙafarsa ta hagu. "Kin ga tabon nan? Igiyar bijimi ce ta naɗe shi a kasuwar Daura. Wata biyu ina gasa masa da ruwan zafi yana cewa ba ya jin komai, alhali yana cizon hula." Da ya ɗaga ƙafar hagu ya sosa ta dama, ta yi wata 'yar ƙara tsakanin dariya da kuka. "Haka yake yi! In yana jira, haka yake yi. Na ce masa kamar zakara."

Dariyarsa ta cika ɗakin. Huɗu da ashirin da uku. Tukwane suka fito, na miƙa hannu na tsayar.

Inna tana share hawaye a fili yanzu. Gwaggo ba ta janye yatsanta daga gilashin ba. Na matso kusa da ita.

"Gwaggo, kin yafe mini?"

Ta juyo ta kama haɓata, ta ɗago mini fuska har sai da na dube ta ido da ido.

"Me kika yi mini? Shekarar da aka kawo ni gidan nan, ni ma iyakar abin da na sani na Malam ke nan. Ta ƙafafun nan nake gane ya shigo, sai da na haihu na iya duban fuskarsa sosai. Dariyar kuwa ga ta nan na ji, fuskar ma ta dawo mini. Mayar da shi farko, Akawu. Bari ya sake cewa ki ɗago."