Littafin da Yaya Ya Sayo wa Gwaggo

Yayana dillalin shanu ne a karar Daura, kuma duk abin da zai saya a duniya da idon kara yake kallonsa. Shi ya sa har yau nake jin haushin ranar da aka ɗora masa sayo wa Gwaggo Littafi Mai Tsarki.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, Bamagujiya daga wani ƙauye a wajen Dutsi. Da tsufanta ta dawo gidanmu, ta fara bin mu coci, ta zauna can baya tana harare-harare. Da fasto ya yi mata zancen baftisma, sai ta ce, "Ni ba na shiga abu da jin ta bakin wani. A ba ni in karanta da idona." Ta yi ajin yaƙi da jahilci, tana haɗa baƙin Hausa a hankali. Sai dai cutar yana ta fara cin idon nata, kowa a gidan ya sani.

Na ce wa Yaya ya nemo na Hausa, mai manyan baƙaƙe da ɗan bayani mai sauƙi a ƙasan shafi. Ya ce in bar shi da aikinsa, wai ni me na taɓa saye.

Ya dawo daga Kano yana nishi, da wani jibgegen abu mai zif a hammata. Da bakinsa ya ba mu labari: ya sa an jera masa su, ya ɗaga kowanne ya ji nauyinsa, ya shafa bango, ya daddanna.

"Fatar gaske ce, Gwaggo," in ji shi. "Sauran duk ramammu ne."

Na buɗe. Turanci ne tsantsa, baƙaƙen kamar ƙwayar gero, sharhi ya fi nassin yawa. Shi kansa Yaya Turancinsa bai wuce na gaida ɗan sanda a hanya ba. Na ce a mayar, ya ce shi bai taɓa mayar da ciniki ba, ba kuma zai fara a kan littafin Allah ba.

Ban sami zuwa Kano ba sai bayan kaka. Na sayo na Hausan, na zo da murnata na ɗora mata a cinya. Ta buɗe, ta kai shi dab da fuska, ta juya wajen hasken ƙofa. Ta daɗe a haka, sannan ta rufe ta miƙo mini.

"Karanta mini, 'yar nan," ta ce. "Ga shi dai na koma jin ta bakin wani."

Na karanta mata, amma raina a ɓace yake.

Jibgegen yana nan a falon Yaya, a kan talabijin. Duk baƙon da ya shigo sai ya sa shi ya ɗaga ya ji nauyi.