Filin Balon Baba Gado

"To, ka ci balon mana," in ji Habsatu. "In dafa maka shi da gishiri ko da kanwa?"

"Haba, Habsatu."

"Babu haba, Malam. Ruwa ya sauka jiya, kowa ya fita da sungumi, kai kana nan kana tsintar ƙaya. Mi kaka jira?"

Baba Gado ya kau da kai daga matarsa. Ya sake duƙawa ya tumɓuke wani tsidau ya jefa a ƙwarya. Aikinsa ke nan kowace safiya tun da ya kafa ƙungiyar balo ta samarin Dogon Dutsi: daga sallar asuba sai fili, ya bi shi daga wannan gola zuwa waccan yana tsince ƙaya da tsakuwa, domin yaransa ba takalmi suke wasa. Shugaba ne, farsidan suke kiransa, amma ba wanda ya taɓa ganinsa bisa kujera.

Tsohon soja ne. A Dakar ya fara ganin ana wasan, ya komo gida da ƙafa guda mai ɗingishi da son abin a zuciya. Da samari suka rasa wurin bugawa, sai ya ba su aron gonar da ya gada, wadda ke kwance a gindin dutse inda lema ke daɗewa, shi ya koma noman wata gajiyayyar jigawa. Dangi suka ce soja ya taɓa masa kai.

Mutanen gari sun ga abin da ya biyo baya. Sun ga ranar da wani babba ya aiko a cire ɗan maƙeri a sa ɗansa, Gado ya ce wa manzon ya koma ya faɗa cewa a filin nan ƙafa ake dubawa. Sun ga ranar da Habu mai tsaron gola ya karye, Gado ya ɗora shi bisa jaki har gidan maɗori, sa'an nan ya tara 'yan wasa suka yi wa uwarsa gayya har gero ya shiga rumbu. Da balo ya fashe, shi ke zama gaban baduku har a ɗinke. Da aka cinye su a Birnin Ƙonni, shi ya shige gaba aka shigo gari, don tsiyar 'yan kasuwa ta fara sauka a kansa.

Kai ne, Baba Gado, wanda ya koya mana a ci mu ba mu yi dambe ba. Kai ne mai ɗingishi da ya koya wa masu ƙafa gudu. Ba a taɓa kiran sunanka a wurin taro ba, ko tafi bai taɓa zama naka ba.

Bara damina ta yi gardama. Rumbuna suka ƙare tun rani bai raba ba, mata suka shiga daji ɗibar anza, wannan 'ya'yan itace mai ɗaci da sai an jiƙa an zubar an sake jiƙawa kafin ya ciwu. 'Yan wasa suka fara sulalewa ci-rani ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage in sun yi gudu kaɗan sai jiri ya zaunar da su. A gidan Gado ma, 'yarsa Kubra ta daina wasa da sauran yara.

A cikin wannan hali ne abin da ya yi shekaru yana roƙo ya samu. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya yarda ƙungiyar Dosso ta zo a kara a bikin da Nasara ke yi a watan Yuli, in an yi abin kirki a sa Dogon Dutsi cikin masu neman kofi. Amma bikin tsakiyar damina yake faɗowa. In aka shuka filin, babu wasa, kuma kowa ya san Kumandan ba zai sake yarda da shugaban da ya kunyata shi gaban baƙi ba. In aka bar shi, lemar nan ta farko za ta bushe, gona mafi kyau a unguwar ta sake kwana babu iri.

Habsatu na tsaye da ƙwaryar irin da ta ɓoye wa yunwa tun kaka, sai ga Ma'u, kaftin ɗin ƙungiyar, da 'yan wasan da suka rage. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi fili.

"Farsidan, kada ka yi muna haka. Inna, ki yi haƙuri, wata guda ne fa."

"Wata guda?" in ji Habsatu. "Kai Ma'u, mi ka ci jiya?"

"Na ci."

"Mi?"

Ma'u ya sunkuyar da kai.

Gado ya dube su ɗaya ɗaya. Ya ga wuyan da suka zurma, ya ga gwiwoyin da suka fi cinyoyi kauri. Waɗannan ne zai fitar gaban Dosso a buga tambura a yi musu tafi? Ya dubi ƙasar da ya yi shekaru yana lallashi har ta kwanta sumul. Ya san ba zai ƙara tsayawa a bakinta da sunan shugaba ba.

Mun gode, Baba. Madalla da kai, tun kafin ka buɗe baki. Duk wanda aka ba riƙon wata ƙungiya, ko a Tibiri ko a Ɗan Kassari, ya zo ya ga mutumin da ya san 'yan wasa ake riƙo kafin wasa.

Ya ajiye ƙwaryar ƙaya, ya ɗaga murya yadda na can baya zai ji.

"Ma'u, a tuge golan nan biyu. Kowa ya tai ya ɗauko sungumi. Yau za mu shuke shi kaf, abin da ya fito na gidajenmu ne duka. Kumandan kuwa ku bar mini shi, ni zan je in faɗa masa da bakina: bana Dogon Dutsi ba ta wasa."